Farin da Kawu Yake Gani

Zuwa ga Uwata,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ni da Innarki, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Mu nan sai godiya. Gwiwar Innarki ta yi sauƙi, har ta koma hawa matakala ba tare da ta yi wa wanda ya gina ta Allah ya isa ba. Ni kuwa garau nake, in ban da ɗan ciwon kai in na daɗe a kan aiki. Laifin ƙwan fitilar zamani ne. Uku na jera a saman teburina, duk ukun ba su kai guda ɗaya na da ba.

Direban motar kaya ya sauke mini saƙonki ranar Talata, ko ƙwarzane babu a jikin kwalin. Na gode, Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki. To amma sunan mahaifiyata kika ci, don haka ba zan ɓoye miki abin da ke cina ba.

Kin san matsayina a layin nan. Shekara talatin da ɗaya ina gyaran talabijin, tun tana da tudun baya sai ƙarti biyu sun ɗauka, har ta koma falle ɗaya a jikin bango. Ba a banza suke ce mini Alƙali ba. Babu mai sayen talabijin a layin nan bai zo ya ɗauke ni zuwa kanti ba. In ja da baya taku uku, in dubi fari, in dubi baƙi, in dubi fuskar mutum, in yanke hukunci. Hukuncin nawa kuma kowa ya haddace shi: mai tambarin zaki ita ce talabijin, sauran 'yan rakiya ne. Da wannan maganar nake cin abinci, da ita ake gaishe ni.

To ranar da kwalinki ya iso na kira mai aski da tela su kama mini mu kafa. Tun kafin mu yanke igiya nake cika musu baki, ina cewa yau za su ga abin da 'yata ta aiko daga kamfanin zaki. Muka zare ta, sai ga tambarin ganye. Mai aski ya dubi tela, tela ya tsira wa silin ido kamar yau ya fara ganinsa. Ni dai na yi ta maza na ce ta gwaji ce, kamfani suka aiko in duba musu. Allah ya yafe mini wannan ƙaryar. Suna fita na yanko baƙin salatif na liƙe tambarin.

Da hoton ya wanke ta ma da sauƙi. Farinta kamar tsohuwar takarda, hasken kamar hadari ya taso, rubutun da ke gudu a ƙasan labarai kuwa duk ya narke cikin juna. Shi ya sa nake tambaya: ke da kike aiki a gidan zaki, ta yaya ganye ya shigo kwalin nan? Idan a hanya aka musanya, ki gaya mini, na san inda direban yake ajiye motarsa.

Innarki na gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci.

Kawunki

*

Zuwa ga Kawu,

Bayan gaisuwa irin ta 'ya da uba, ina fatan kai da Inna kuna lafiya. Na ji daɗin labarin gwiwarta. Ciwon kan nan naka kuwa kada ka raina shi. Ni lafiyata ƙalau, sai gajiyar tsayuwa.

Sau uku ina ɗaukar waya in kira ka ina ajiyewa, saboda maganar nan ba za ta faɗu da baki ba. Ka ƙyale direba, bawan Allah bai musanya komai ba. Ni ce na saka ganye a kwalin da hannuna. Kawu, ba a kamfanin zaki nake aiki ba, ban taɓa taka ƙofarsa ba. Ranar da na zo na ce na sami aiki a masana'antar talabijin, shagonka cike yake da mutane, ka miƙe ka ce, "Ta zaki ko?" Fuskarka ta cika da murna, sai na sunkuyar da kai, kai kuma ka ɗauki shirun a matsayin e. Shekara uku ke nan ina ɗauke da shirun nan. Yanzu ga shi ya ja ka yi ƙarya a gaban tela, kuma ni ce sila. Ka yafe mini.

Masana'antarmu tana haɗa wa ƙananan sunaye uku ne, ganye na cikinsu. Aikina a wani ɗaki ne marar taga, bangonsa baƙi, mu shida. Talabijin ta iso kan bel mai jawo kaya, in manna na'urar awon launi a gilashinta, in sa fari, in sa toka-toka, in sa ja da kore da shuɗi, in daidaita har lambobi su zauna inda ya kamata. Wuni guda ba na ganin fuskar kowa sai launi.

Game da suna, ba zan ce ba ka da gaskiya ba, amma rabinta ce. Sau da yawa gilashin babba da na ƙarami daga gida ɗaya suke fitowa. Abin da babban suna yake yi shi ne ya riga kowa zaɓe, ya kwashe waɗanda haskensu ya bazu daidai har kusurwa. Sannan fitilunsa na baya sun fi yawa, shi ya sa baƙinsa yake fitowa baƙi ƙirin, namu kuwa yana ɗan yin toka. Bod ɗin da ke sarrafa hoto ma nasa ya fi sauri. In ana ƙwallo za ka gane, tasu tana tafiya a dunƙule, tamu tana jan 'yar jela. A nan sun fi mu, ko a gaban manajanmu zan faɗa. Amma fari ba na kowa ba ne. Awo ne, kuma ƙaramin suna ma yana iya samunsa in an ba shi lokaci. Lokacin ne ba a ba mu, minti biyu kowace ɗaya.

Taka kuwa ba minti biyu ta samu ba. Na zaɓe ta cikin fiye da arba'in, babu mataccen ɗigo ko ɗaya a gilashinta. Kwana huɗu ina barin cin abincin rana ina saita ta. Na so ne ka tsaya taku ukun nan naka ka ce yarinyar nan ta iya. Da na karanta cewa farinta kamar tsohuwar takarda, sai da na shiga banɗaki na wanke fuska kafin in koma kan bel.

Roƙona ɗaya, kada ka taɓa saitinta tukuna. Mai yiwuwa ta bugu a hanya. Ka zaunar da Inna a gabanta ka tambaye ta abin da take gani, sai ka rubuto mini.

'Yarka

*

Zuwa ga Uwata,

Muna gaishe ki, muna lafiya. Ruwa ya ɗan shigo shagon ta kusurwar rufi, na sa an toshe.

Maganar zaki ta wuce. Na ji kunya da na karanta, don ni na cusa miki kalmar a baki, ban bar miki wurin cewa a'a ba. Aiki ai aiki ne. Salatif ɗin ma na ɓare, na gaya wa tela gaskiya, ya ce dama ya sani. Mutumin nan ba ya barin mutum ya tuba cikin kwanciyar hankali.

Amma wani layi a takardarki ya tsaya mini a wuya. In tambayi Innarki abin da take gani? Matar da har yau take kiran rimot "abin nan"? Na dai tambaye ta don kada ki ce na ƙi. Ta ce lafiya lau take gani. To ita ko rufi ya faɗo kanta lafiya lau za ta ce.

Don haka na yi abin da na iya. Na shiga cikin saitin, na ƙara shuɗi sosai, na kai haske ƙarshensa, na ƙara kaifin hoto. Yanzu fari ya dawo fari. Kada ranki ya ɓaci, na'ura na'ura ce, ido kuma ido ne. Kwana huɗunki ba su tafi a banza ba, kin yi ƙoƙari, saura ɗan gishirin da sai an daɗe a sana'a.

Bari ma ki ji abin da na gano. Kusan shekara ɗaya da rabi ke nan duk talabijin da na duba a layin nan cutarsu ɗaya, rawaya da duhu. Na zauna na yi tunani, me ya canja a layin? Sai Dogo, wanda ya buɗe kantin kayan wuta a bakin titi shekara biyu da suka wuce. Yawancin kayansa ganye ne da ire-irensa. 'Yan zakin da yake ajiyewa ma na duba, su ma rawaya. Zaki kuwa ba ya rawaya, sai dai in ba zaki ba ne. Kin ga an gama shari'a.

Ban yi shiru ba. Makon jiya shugabar makarantar bayan layi ta zo ta ɗauke ni, za ta sayi guda huɗu na azuzuwa. Muka shiga kantin Dogo, ya kunna mana duk na bango. Na ja taku uku, na ce mata a gabansa da gaban masu ciniki, waɗannan ganye ne, waɗancan kuma ganye ne da aka sa wa rigar zaki. Ta ɗauki jakarta ta fita. Na zaci zai yi faɗa, na ma shirya masa. Sai ya jawo mini kujera kawai ya ce, "Allah ya huci zuciyar Alƙali." Mai gaskiya ai ba haka yake yi ba.

Tun kafin ranar ma nake bi gida-gida ina gyara wa mutane kyauta, yadda na gyara taki. Na yi ta mai aski, na yi ta tela, na yi gida goma sha ɗaya. Kowa sai godiya yake yi. Mai aski har rasa bakin magana ya yi.

Kawunki, Alƙalin layi

*

Zuwa ga Kawu,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Inna. Na gode da yafiyar da ka yi mini, ta sauke mini dutse daga ƙirji. Amma sauran takardar ta hana ni sukuni, na karanta ta sau huɗu a motar zuwa aiki.

Zan faɗi wata magana, don Allah ka karanta har ƙarshe kafin ka yi fushi. A ɗakinmu duk bayan wata shida ana gwada idon kowa. Ana zube mana 'yan katuna masu launi kusa da juna, a ce mu jera. Ba a yarda da ido sai an gwada shi, ko na waye. Shugabar ɗakinmu, wadda ta koya wa dukkanmu aiki, bara ta faɗi gwajin. Ta yi rantsuwa katunan ne suka tsufa. Ashe yanar ido ce ta fara rufe mata gani, irin wadda take sa komai ya koma rawaya da duhu a hankali, har mutum bai san ya canja ba. Aka yi mata aiki, bayan wata ɗaya ta dawo, yanzu ta fi mu gani.

Kawu, talabijin goma sha ɗaya daga kamfanoni daban-daban ba sa kamuwa da cuta ɗaya. Fitilu uku a kan teburi ɗaya ba sa rasa haske tare. Rubutunka ma ya canja, layi yana hawa kan layi. Zuwana na ƙarshe na ga kana laluben ƙaramin noti da tafin hannu, alhali yana gabanka a kan farin ƙyalle.

Na sako maka katuna uku a cikin ambulan, na rubuta launin kowanne a bayansa. Ka fita da su waje da hantsi, ka zaɓi wanda ya fi fari, sannan ka juya. Ba sai kowa ya gani ba, ba sai ka gaya mini ba ma. Idan na yi kuskure zan zo har gida in durƙusa.

Kafin nan, ka dakata da maganar Dogo, ka dakata da shiga gidajen mutane. Ina tsoron kada ka ɗauki alhakin bawan Allah, kuma ina tsoron abin da zai sami sunanka.

'Yarka mai ƙaunarka

*

Zuwa ga 'yar ƙanwata,

Muna lafiya.

Saƙonki ya iso. Na gane. Na zama tsohon kaya da ake gwadawa a kan bel kafin a jefar. Na kushe talabijin ɗinki, ke kuma kin rama da idona, an yi kunnen doki. Da wannan idon na gane zazzaɓinki kina cikin zani tun uwarki ba ta gane ba.

Katunanki suna ƙarƙashin ƙafar teburi, dama yana rawa. Kada ki ƙara aiko mini da wasan yara.

Mai gyaran talabijin

*

Zuwa ga Kawu,

Ina gaisuwa, ko da ba za a amsa ba. Yau wata biyu da kwana tara rabona da jin ɗuriyarka. Na kira ba ka ɗauka, na kira Inna ta ce kuna lafiya, ta kuma ce in yi haƙuri, daga nan ta koma zancen gwiwa. Direba ya ce ya ga shagonka a rufe sau biyu da rana tsaka. Hankalina ba a kwance yake ba.

Ban ce ka zama tsohon kaya ba, Allah ya kiyaye bakina da wannan. Amma na sake duba abin da na rubuta a raina, na ga yadda ya fito. Na jero maka laifuffukan idonka ɗaya bayan ɗaya kamar ina cike takardar kayan da suka lalace. Haka nake rubutu a wurin aiki, na manta da wa nake magana. Kuma akwai gaskiya a zarginka, ko da kaɗan ce. Na ji zafin abin da ka ce game da aikina, kuma lokacin da na gane inda matsalar take, wani ɓangare na zuciyata ya ji sanyi cewa ba ni ce na kasa ba. Na ji sanyi a kan ciwon idon kawuna. Wannan ita ce kunyar da nake kwana da ita nake tashi da ita.

Akwai wadda ta fi ta. Maganar notin nan shekara guda ke nan da na gani. Na tura maka shi kusa da yatsanka a ɓoye, na yi kamar ban lura ba, na hau mota na tafi. Da na yi magana a ranar, da ba ka shiga kantin Dogo ba. Shiruna na farko ya sa ka yi ƙarya, na biyu ya sa ka yi wa mutum ƙazafi. Na fara gane cewa abin da nake kira ladabi, rabinsa tsoro ne.

Saboda haka ban janye maganar ba, yadda na faɗe ta kawai na janye. Ka je a duba ka. In ka ga dama kada ka sake ce mini Uwata, amma ka je.

Na yi ta shawara ko in rubuta wannan da manyan baƙaƙe, ina tsoron ka ce cin fuska ne. Ga shi dai na rubuta da su.

'Yarka

*

Zuwa ga Uwata,

Gaisuwa da ban haƙuri. Muna lafiya, lafiyar da ta fi ta kwanakin baya. Ki duba rubutun nan, layi ya koma kan hanyarsa. Manyan baƙaƙenki kuwa sun yi mini amfani, ita ce takardarki ta farko da na karanta ba tare da na fita rana ba.

Zan ba ki labari daga farko, ki yi haƙuri da tsawonsa. Katunan nan ba su daɗe a ƙarƙashin teburi ba. Wata safiya na zo na tarar Innarki ta ciro su, ta goge, ta jera mini a kan faranti kusa da kofin shayi, ta shige ɗaki. Na fita da su tsakar gida. Na zaɓi fari tas, wanda ko makaho zai zaɓa. Na juya, na kai shi har hancina, na ga kin rubuta shuɗi. Na cakuɗa su na sake zaɓa, shi na sake ɗauka. Sau uku. Na zauna a kan bokitin da ke kife, ban san tsawon lokacin da na yi a wurin ba.

Rufe shagon da direba ya gani, asibiti nake zuwa. Yana ce, a ido biyun. An yi mini na dama, na hagu sai bayan wata biyu. Ban gaya miki ba don ban san da wane baki zan fara ba.

Ranar da aka cire bandeji, abin da na fara gani rigar ma'aikaciyar jinya ce. Uwata, na manta akwai irin wannan farin a duniya. Na rufe na dama na duba da na hagu, rigar ta koma tsohuwar takarda. Na buɗe, ta dawo. Na yi ta yi kamar yaro har matar ta tambaya ko lafiya. Da muka dawo gida na ga labulen falo, wanda na shekara ina yi wa Innarki gorin ta bar shi ya dafe. Fari ne sol.

Sannan na kunna taki. Hasken ya soke ni har ƙwaƙwalwa. Mai karanta labarai fuskarsa kamar an tono shi daga toka, leɓensa shuɗi, farar rigarsa tana ƙuna. Na tambayi Innarki haka take kallo duk watannin nan? Ta ce ita dama saurare take yi, tana tsintar wani abu a tire. Na ce me ya hana ta magana? Ta ce ta ga ina jin daɗi.

Nan na tuna gida goma sha ɗaya. Da likita ya ba ni izinin fita, na ɗauki rimot ɗina na gyara na ce zan bi su ɗaya bayan ɗaya, in gyara ɓarnata, in ya so in ce sabon saiti ne ya fito. Kin ga har a lokacin ƙaryar da zan rufe kaina da ita nake nema.

Na fara da mai aski, ana ƙwallo. Na ja taku uku, na kashe idon hagu. Ciyawa kore, fararen riguna farare, fuskoki na mutane. Babu abin gyarawa. Na wuce wurin tela, haka. Gida na uku, haka. Na dawo wurin mai aski na tsare shi, na ce ya gaya mini tsakaninsa da Allah. Ya yi ta kakkaɓe kujerar da babu gashi a kanta, sannan ya faɗa.

Dogo ne. Duk gidan da na fita, sai su aika masa, ya rufe kanti ya zo ya mayar da saitin yadda yake, bai karɓi ko sisi ba. Tun kafin maganar shugabar makaranta yake yi, bayanta ma bai daina ba. Mai aski ya ce su sun so su gaya mini, Dogo ne ya hana. Wai ya ce mahaifinsa ma haka ya yi kafin a gane, kuma mutum irin Alƙali ba a gaya masa a bainar jama'a, a bar shi da girmansa har Allah ya kawo wanda zai ji maganarsa. Layin nan kaf sun sani. Suna yi mini godiya, suna raka ni ƙofa, suna jira in sha kwana.

Na tambayi mai aski ko cinikin Dogo ya taɓu. Ya ce na makaranta dai ya tafi, kuma har yanzu akwai masu zuwa daga wasu layukan suna tambaya ko nan ne kantin da ake sa wa ganye rigar zaki. Maganata ta yi tafiyar da ni ban yi ba.

Don kada in ci amanar sana'a, na tsaya da sabon idon na gwada zakin mai aski da ganyen tela. Yadda kika faɗa haka yake. Baƙin zaki ya fi zurfi, ƙwallonsa ba ta jan jela. Amma farin ganye fari ne, fuskar mutum fuskar mutum ce, kuma tela bai cutu ba. Zakin mai aski kuwa, wanda na rantse na jabu ne, a kantin Dogo ya saye shi, kuma zaki ne har ƙashinsa.

Yanzu talabijin ɗaya ce ta rage mai mugun hoto a layin nan, ita ce ta falona, don nan ne kaɗai Dogo bai isa ya shiga ba. Kwana huɗunki na rashin abincin rana na shafe su cikin minti biyar, ki yafe mini. Na san za ki ce ki aiko mini da lambobin, ko in mayar da ita da kaina. Kada ki aiko. Wurin Dogo zan kai ta, in ce masa na ɓata, ya gyara mini. Kuma ba ta bayan layi zan bi ba. Ta gaban shagon aski zan wuce da ita da hantsi, lokacin da benci yake cike, in faɗi abin da zan faɗa da irin muryar da na yi masa ƙazafi.

Kantin nasa bai fi taku sittin daga ƙofata ba. Kwana biyar ke nan ina sa hula da niyyar zuwa, in kai bakin titi in tsinci kaina ina sayen batir da ba na buƙata. Shi ya sa yau da la'asar na sa Innarki ta kama mini muka sauke ta daga bango. Na jingine ta a jikin ƙofar fita, a gicciye. Gobe ba ni da hanyar barin gidan nan sai na ɗauke ta.

Ɗanki